Shamuwa

Ƙarfe tara na dare a Titin Bauchi,
janareto na tari a bayan ofis,
sanyin Jos ya shigo ta ƙasan ƙofa
ya iske yatsuna a kan madannai.
Injin buga takardu ya ƙi amsa kira,
gobe kuwa ɗalibai ɗari uku
za su yi layi karɓar sakamako.

Sai na rubuta layi biyu kacal,
irin tambayar da ake wa baƙon dare:
wane ne kai, ina ne gidanku?

Tsohuwar kwamfutar ƙarƙashin tebur,
wadda ba a kashewa ko ranar Sallah,
ta ɗan yi gurnani, ta ce:
shamuwa.

Na saki linzami.

Aikin Dalyop ne, ba wani ba.
Shi ke raɗa wa injuna suna, ba rago ba goro:
wannan balbela, waccan hazbiya,
ta ofishin akanta kuwa ungulu,
mu yi ta dariya har shayi ya huce.
Shekara shida ke nan da ya ɗaure kayansa
ya bar layinmu ya koma bayan Bukur,
a shekarar da mutane suka fara auna sunan maƙwabci
kafin su amsa masa gaisuwa.
Lambarsa ta daina shiga.
Ni ma, in faɗi gaskiya, na daina gwadawa.

Na ce, to shamuwa, ina adireshinki?
Ta ce: ɗari da ashirin da bakwai, sifili, sifili, ɗaya.
Kai!
Ai kowane inji haka yake kiran kansa.
Ka aika saƙo can, ya zagayo ya same ka zaune,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa daga ciki.
Ba ƙarya ta yi ba,
sai dai gaskiyar ba ta kai mutum ko bakin titi.

Na goge, na sake rubutu:
lissafo mini ƙofofinki duka,
ta kebul, ta iska, har wadda aka toshe.
Jeri ya zubo a baƙin allo.
Ɗaya dogo, haruffa da lambobi a cakuɗe,
ko mai haddar kai sai ya duba sau biyu.
Ɗaya na cikin gida,
irin laƙabin da 'yan tsakar gida kaɗai suka sani.
Nan na ga ɓarnar.
Da sha huɗu yake ƙarewa a da,
yau ashirin da uku.

Ashe haya take zaune.
An ɗauke wuta da la'asar, wa'adinta ya cika,
rauta ta ba wayar wani ɗakinta,
ta mayar da ita can ƙarshen layi.
Sauran injuna na ta sallama a tsohuwar ƙofa,
wanda ke ciki bai san su ba.

Gyaran bai kai tsawon wannan baitin ba.
Na cire lamba, na sa suna:
daga yau duk mai neman ta
ya ce shamuwa, a nuna masa inda ta sauka.

Injin ya yi atishawa, ya ja takarda.
Na farko ya fito da ɗumi,
wata Nanret, ta ci lissafi,
na ɗora tafin hannu a kai don sanyi.

Maigadi Sallau ya leƙo da tocila:
Malama Asabe, mai ya kusa ƙarewa fa.
Na ce ba ni minti biyar.
Na ɗauki waya, na kalli lambar nan goma sha ɗaya
da na riƙe shekara shida kamar ita ce mutumin.

Asabar ba aiki.
Motar Bukur na lodi tun asuba.
A Kugiya akwai masu gyaran waya jere da rumfuna,
ba za a rasa wanda ya san
wani dogo mai kiran kwamfuta da sunan tsuntsu ba.